Bindigar da Ba Ta Tsufa: AK-47 Daga Masana'antar Izhevsk Zuwa Dazukanmu



Mai girma shugaban taro, Allah ya ƙara girma. Iyayenmu sarakuna da hakimai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Jami'an tsaro da ke zaune a wancan gefe, sannunku da fama. Iyayenmu mata, 'yan kasuwa, direbobi, manoma, da ɗaliban da na ga sun yi ayari daga Aliero da Maiyama da cikin garin Jega, barkanku da zuwa. Ina gode wa matasan Alelu da suka haɗa wannan zama, suka kuma ɗora mini nauyin da ya fi ƙarfina.

Abin da aka ce in yi magana a kai shi ne bindigar nan da yaron goye ma ya san sunanta a yau, wato AK-47: yadda aka ƙera ta, ire-irenta, da yadda cinikinta ya zaga duniya har ta shigo dazukanmu. Na san akwai dattijon da tun da ya ji take ya ce a ransa, me ya kai malami zancen bindiga a gaban yara? Baba, ka kwantar da hankalinka. Ni ban taɓa harba ta ba, ba kuma harbi zan koya wa kowa ba. Amma wanda maciji ya addabi gidansa, in bai san ramin da yake fitowa ba, kullum sai dai ya yi ta sayen magani. Ramin na zo mu duba tare.

Batu na ɗaya: kafin ta zo.

Ƙasar nan tamu ta san yaƙi tun da daɗewa. Harin da mayaƙan Gobir suka kai wa jama'ar Abdussalami a Gimbana, nan yankinmu, yana cikin abubuwan da suka kai Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ga hijira zuwa Gudu a 1804. Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa Jega daga baya. Da me aka yi waɗancan yaƙe-yaƙe? Da kwari da baka, da mashi, da takobi, da doki. Bindiga tana nan, amma 'yar kaɗan ce, kuma ta ɗure ce: ka zuba albarushi, ka danna, ka harba sau ɗaya, sannan ka koma ka sake ɗurawa. Kafin ka gama, maharbi mai kibiya ya sako uku.

Ga wani abin da zai ba matasa mamaki. A ƙarni na 19, idan aka ce 'yan bindiga, rundunar sarki ake nufi, galibi bayin fada, kuma suna da shugabansu. A Damagaram, zamanin Sarki Tanimu, har igwa ake zubawa a cikin gari. Kalmar da a da take nufin masu tsaron sarki ita ce yau take nufin masu kwashe mutane daga gonakinsu.

Turawa kuwa sun san abin da suke yi. A 1890 suka ƙulla yarjejeniya a Brussels wadda ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani. Shekara 13 bayan haka, ranar 15 ga Maris 1903, dakarun Ingila suka tsaya a Giginya, bayan ganuwar Sakkwato, da bindiga mai sarrafa kanta ƙirar Maxim. Jarumtaka ba ta yi ƙaranci a ɓangarenmu ba a ranar. Saurin wuta ne ya raba gardama. Daga nan har bayan samun 'yancin kai, saurin wuta yana hannun hukuma ita kaɗai. Mu da muka ɗan manyanta mun tashi mun ga ɗan doka da kulki, ɗan sanda kuwa in abin ya yi tsanani ya ɗauko mak-fo. Maharba da adakarsu, sai ranar salla ko hawan sarki a ji ta. AK-47 ita ce ta karɓe wannan saurin wuta daga hannun hukuma ta miƙa wa duk wanda zai iya biya.

Batu na biyu: mai ƙirar da ƙirarsa.

Mikhail Kalashnikov ɗan manomi ne. An haife shi a 1919 a ƙauyen Kurya, yankin Altai na ƙasar Rasha. Gwamnatin Stalin ta ƙwace dukiyar iyayensa ta kora su can cikin Saiberiya yana yaro. Bai yi jami'a ba. Ya shiga soja, ya zama kwamandan tankar yaƙi, aka ji masa rauni a yaƙin Bryansk a watan Oktoba 1941, lokacin da Jamus ta mamaye Tarayyar Sobiyet. A gadon asibiti ya fara tunanin ƙera bindiga.

Yaƙin Duniya na Biyu ya koya wa masu ƙera makamai darasi guda: yawancin musayar wuta tsakanin sojan ƙasa ba ta wuce tazarar mita 300. To me ye amfanin doguwar bindiga mai katon harsashi da ke kai kilomita, alhali soja ba ya ma hango wanda zai harba a can? Jamusawa suka fara fito da StG 44 mai matsakaicin harsashi. Rashawa su ma suka ƙera nasu matsakaicin harsashin a 1943, wanda ake kira 7.62x39, sannan suka buɗe gasa a kan bindigar da za ta ci shi. Ku lura da wannan jeri, zan dawo kansa: harsashin ya riga bindigar zuwa duniya. Samfurin Kalashnikov na 1947 ya ci gasar, sojan Sobiyet ya karɓe shi a hukumance a 1949, aka shiga ƙera shi a birnin Izhevsk. A ɗin nan na nufin mai sarrafa kanta, K kuma sunan mai ita, 47 shekarar. Ba shi kaɗai ya yi aikin ba, akwai injiniyoyi irin su Aleksandr Zaitsev a tare da shi, amma gwamnatin kwaminis tana buƙatar labarin ɗan talaka da ya zama gwarzo, sai sunansa ya rufe na saura.

Yaya take aiki? A taƙaice, tana cin gumin kanta. Idan harsashi ya tashi, wani ɓangare na iskar da ta tunkuɗa shi yana bi ta wata 'yar kafa a saman bututu, ya tura wani ƙarfe baya. Wannan ƙarfe ya fitar da ƙwanson da aka harba, sannan wayar da ke bayansa ta dawo da shi gaba ɗauke da sabon harsashi. Gidan harsashinta, wanda ya lanƙwasa kamar lauje, yana cin 30. Tana iya aman kusan 600 a minti guda. Ku yi lissafi: 30 ɗin nan a daƙiƙa uku sun ƙare. Kafin mai adaka ya lalubo buhun albarushinsa, an gama.

Amma ba saurin ne sirrinta ba, don akwai waɗanda suka fi ta sauri, akwai kuma da yawa da suka fi ta saiti. Sirrinta sakin jiki. Kafinta ya san cewa ƙofar da aka yi wa matsattsen gurbi, da damina ta faɗi katako ya kumbura, sai ta ƙi buɗuwa. Kalashnikov ya bar sarari tsakanin sassan bindigarsa da gangan, yadda yashi da laka da toka za su sami wurin zama ba tare da sun tsayar da ita ba. Sassan da ke motsi kaɗan ne kuma manya. An shafe cikin bututun da wani ƙarfe mai hana tsatsa. An yi ta ne don ɗan ƙauyen Rasha da aka ɗauka soja jiya, wanda bai yi makaranta ba, hannunsa cikin safar sanyi. A Biyetnam, a shekarun 1960, sojojin Amurka sun sha kuka da sabuwar M16 ɗinsu da ke maƙalewa a tsakiyar faɗa, ta abokan gabarsu kuwa ko daga taɓo aka zaro ta sai ta tashi.

Masu noman rani a fadama, kun san irin injin ban-ruwan da kowane makaniki a bakin kasuwa zai kwance ya ɗaura, kayan gyaransa kuma suna ko'ina. Wannan bindiga haka take. Abin da ya sa ta yi wa sojan Sobiyet daɗi shi ne ya sa ta yi wa ɓarawon daji daɗi: ba ta son kulawa, ba ta son ilimi, yaro ɗan shekara 14 yana iya ɗaukarta. Ana binne ta a ƙasa shekara da shekaru a tono ta tana aiki. Wayar hannunku shekara nawa take yi? Babur fa? Ita wannan, wadda aka ƙera kafin a haifi yawancin waɗanda ke ɗakin nan tana nan tana kisa.

Shi mai ƙirar ya rasu a Izhevsk ranar 23 ga Disamba 2013 yana da shekara 94. Ya daɗe yana cewa don kare ƙasarsa ya yi ta, laifin 'yan siyasa ne in ta faɗa hannun miyagu. Ya taɓa cewa da ya fi son ya ƙirƙiro na'urar da za ta taimaki manoma. Amma watanni kafin rasuwarsa ya rubuta wa shugaban cocin Rasha wasiƙa yana tambaya ko alhakin rayukan da bindigarsa ta ɗauka yana wuyansa. Malamanmu, wannan tambaya taku ce, na bar muku ita.

Batu na uku: dangi.

Nan zan yi sauri. Abin da muke kira AK-47 a rediyo da jarida, mafi yawansa ba AK-47 ba ne. Ta asalin ba ta daɗe ana ƙera ta ba. A 1959 aka fito da AKM, wadda ake buga jikinta daga falle-fallen ƙarfe maimakon a sassaƙa shi daga dunƙule, sai ta fi sauƙi a hannu, kilo uku da 'yan kai, ta kuma fi arha nesa ba kusa ba. Ita ce ta cika duniya. A 1974 aka yi AK-74 mai ƙaramin harsashi, 5.45. Bayan rushewar Sobiyet aka yi jerin AK-100 saboda kasuwar waje, cikinsu har da AK-103. A 2018 sojan Rasha ya karɓi AK-12.

Wannan gidan uba ke nan. 'Ya'yan da aka aurar waje sun fi yawa. Sin tana ƙera tata, Type 56, tun 1956. Akwai ta Romaniya, ta Bulgeriya, ta Foland, ta Hangari, ta Jamus ta Gabas, da Zastava M70 ta tsohuwar Yugoslabiya. Masar tana da Maadi, Iraƙi tana da Tabuk. Finland ta gyara ƙirar ta yi RK 62, Isra'ila ta ɗauko daga ta Finland ta yi Galil, Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata ta ɗauko daga Galil ta yi R4. Ku duba wannan abin dariya mai ciwo: gwamnatin wariya da masu yaƙar ta, kowa yana riƙe da jikar bindiga ɗaya.

Me ya sa ire-iren suka dame mu? Saboda kowace masana'anta tana buga tambarinta da lamba a jikin ƙarfen. Makiyayi yana duban shaidar da ke jikin saniya ya gaya maka garken da ta fito. Haka masani yake duban bindigar da aka ƙwato ya gaya maka ƙasar da ta ƙera ta, da shekarar, wani lokaci har gwamnatin da aka fara sayar wa. Shi ya sa masu safara suke goge lambar.

Batu na huɗu: ciniki.

Kiyasin da aka fi ambata shi ne an ƙera dangin Kalashnikov kusan miliyan 100. Ba wata bindiga a tarihi da ta kama ƙafarta. Yaya aka yi?

Da farko ba ciniki ba ne, siyasa ce. A lokacin yaƙin cacar baka, Mosko tana ba ƙawayenta bindigar, wani lokaci ta ba su zanen da injinan ƙera ta baki ɗaya. Ƙungiyoyin ƙwatar 'yanci a Angola da Mozambik da Gini Bisau da Zimbabuwe da ita suka yi yaƙi. Don haka ne take kan tutar Mozambik har yau. Burkina Faso ma, daga zamanin Thomas Sankara a 1984 har zuwa 1997, tambarin ƙasar yana ɗauke da ita gicciye da fartanya. Mu yi adalci: akwai lokacin da ɗan Afirka ya kalli wannan bindiga a matsayin amsar Maxim ɗin Giginya. Har Amurka ta saye ta da yawa daga Sin da Masar ta tura wa mujahidan Afghanistan a shekarun 1980, don a harbi Rashawa da ƙirarsu.

Sai Sobiyet ta rushe a 1991. Rumbunan makamai cike, sojoji ba albashi, masana'antu ba mai saye. Me kuke zato? A Albaniya, a 1997, gwamnati ta durƙushe, jama'a suka fasa rumbuna suka kwashe makamai sama da rabin miliyan. Dillalai irin su Viktor Bout, wanda aka kama a Bangkok a 2008, Amurka ta ɗaure shi, ta kuma yi musayar fursuna da shi a Disamba 2022, suka sayi tsoffin jiragen dakon kaya suka shiga jigila zuwa Afirka.

Bari in ba ku misali guda don ku ga yadda halal ke rikiɗa ta koma haram. A ƙa'ida, duk gwamnatin da za ta sayi makami sai ta ba da takardar shaida cewa ita za ta yi amfani da shi, ba za ta miƙa wa wani ba. A watan Maris 1999 jirgi ya sauka a Wagadugu da tan 68 na makamai daga Yukren, da takardar da ke cewa na sojan Burkina Faso ne. Kwamitin bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya ya gano cewa cikin kwanaki aka wuce da su Laberiya, lokacin da Charles Taylor ke mara wa 'yan tawayen Saliyo baya. Takarda ta gaskiya, hatimi na gaskiya, kaya sun tafi wani wuri.

Sannan Libiya. Gaddafi ya shekara 42 yana tara makamai da kuɗin mai. Da ya faɗi a 2011 rumbunan suka zama na kowa. Shekara guda ba a yi ba arewacin Mali ya kama da wuta, sauran kayan kuma suka biyo tsoffin hanyoyin fatake ta hamada, ta Agadas, suka gangaro kudu. Hanyar da kakanninmu suka bi da gishiri da kanwa da goro.

Cinikin hukuma kuwa bai tsaya ba. Benezuwela ta sayi AK-103 guda 100,000 a tsakiyar shekarun 2000. A Disamba 2021 Indiya ta sa hannu da Rasha don ƙera AK-203 sama da 600,000 a ƙasarta. Duk waɗannan halal ne a dokar duniya. Tambayata ita ce, ina za su kasance nan da shekara 40? Gwamnatin da ta saya za ta iya faɗuwa, sojan da aka ba zai iya gudu ko ya sayar ko a kashe shi a ƙwace. Bindigar kam tana nan. Wannan shi ne ginshiƙin maganata a yau: kusan kowace AK ta masana'anta da ke cikin dajinmu, wata gwamnati ce ta fara sayenta da rasit.

Batu na biyar: gida.

Nijeriya ta kafa hukumar ƙera makamai ta DICON a Kaduna a 1964, da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma. Sojanmu ya daɗe da bindigogin Yamma, FN ta Beljiyam da G3 ta Jamus, kafin dangin AK su mamaye. A zamanin Shugaba Obasanjo DICON ta fito da tata AK ɗin mai suna OBJ-006. Daga baya soja ya sayo Beryl M762 daga Foland, ita ma 'yar dangi ce. Yau ɗan sandan da ke shingen hanyar Jega zuwa Koko da ɓarawon da yake jira, sau da yawa bindiga iri ɗaya ce a hannunsu, harsashi iri ɗaya suke ci. Ku riƙe wannan.

Ta ina take shigowa daji? Mun saba cewa daga Libiya, daga iyaka. Gaskiya ne, kuma jiharmu tana da iyaka da ƙasashe biyu, Nijar da Benin: Kamba, Kangiwa, Lolo, Tsamiya, Dole-Kaina, ga kogin Kwara. A 2020 wata cibiyar bincike mai suna Conflict Armament Research ta fitar da rahoto a kan makaman da aka ƙwato a Kaduna da Katsina da Zamfara, ta gano waɗansu daga rumbunan Libiya, waɗansu daga rumbunan sojan Kodebuwa, waɗansu kuma bindigogin Turkiyya ne da suka shigo ta tashar ruwan Legas. A watan Yuli 2024 kwastan suka baje kolin bindigogi 844 da harsasai 112,500 da suka kama a tashar Onne. Ashe ba hamada kaɗai ba ce, har teku.

Amma akwai ƙofa ta uku, wadda ba mu cika son ambata ba. Ina neman afuwar jami'an da ke nan, ba ku nake nufi ba, kuma na san ku ne kuke kwana a waje mu muna barci. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya ce zuwa Disamba 2018 akwai makamai 178,459 na 'yan sanda da ba a iya ba da bayaninsu ba, cikinsu AK-47 guda 88,078. Rundunar ta yi jayayya da irin waɗannan alƙaluma, ta ce waɗansu suna hannun jami'ai a wuraren aiki, waɗansu kuma an ƙwace su ne bayan an kashe masu riƙe da su. To mu ɗauka kashi tara cikin goma matsalar rubutu ce kawai. Saura AK nawa? Kusan 9,000. Daba nawa za su cika? Kuma shin rumbun makaman da ba a san adadin abin da ke cikinsa ba, ba shi ne matsalar ba tun farko? Mai albasa a Aliero ya san buhu nawa ke rumbunsa ko da tsakar dare ka tashe shi.

Sakamakon kuwa ba sai na karanto muku daga littafi ba. A watan Yuni 2021 an kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko-Wasagu, bisa alƙaluman 'yan sanda. Ranar 17 ga wannan wata aka kwashe ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, waɗansu 'yan matan sai bayan kusan shekara biyu suka dawo. A Maris 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba aka kashe sama da 60. A Nuwamba 2024 'yan bindigar Lakurawa suka kashe mutum 15 a Mera, ƙaramar hukumar Augie. A Nuwamba 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri. Kudu da mu wuta, arewa da mu wuta. Mu da ke tsakiya, a kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Jega ta nufi Yawuri da Kwantagora, kada mu ɗauka gemunmu ba ya cikin lissafi.

Batu na shida, kuma na ƙarshe: ina za a kama?

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Dokar makamai ta 1959 ta sa irin wannan bindiga cikin jerin haramtattu ga farar hula. ECOWAS ta dakatar da shigo da ƙananan makamai a Abuja a 1998, ta mai da shi cikakkiyar yarjejeniya a 2006. Nijeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta amince da yarjejeniyar cinikin makamai ta duniya a 2013, ko da yake Rasha ba ta shiga ba. A Maris 2021 Shugaba Buhari ya ba da umarnin a harbe duk wanda aka gani da AK-47 ba bisa ƙa'ida ba, a shekarar kuma aka kafa cibiyar ƙasa ta daƙile yaɗuwar ƙananan makamai. Sai ga shi a Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS, su ne kuwa ƙasashen da kayan ke ratsawa.

An gwada saye. A 2020 gwamnatin Zamfara ta yi tayin shanu biyu ga duk wanda ya miƙa AK ɗaya. Niyyar mai kyau ce, amma a ganina duk wanda ya san kasuwa zai ga ramin: mai bindiga biyar zai kawo tsohuwar, ya riƙe huɗu, kuma muddin hanyar shigowa a buɗe take, ka zama mai sayen kaya ne a wurin dillali. An kuma gwada cewa kowa ya mallaka. A Yuni 2022 gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga, hedikwatar tsaro ta ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Na san a ɗakin nan akwai masu wannan ra'ayi, kuma ba na ganin laifin wanda aka kashe wa ɗan'uwa in ya yi wannan tunani. Amma ku tuna abin da na ce: ba ta tsufa. Bindigar da kuka saya don ɓarawon bana, tana nan ranar rikicin gona, tana nan ranar rabon gado, tana nan ranar zaɓe, tana nan a hannun jikan da ba ku san halinsa ba. Cibiyar Small Arms Survey ta Janiba ta kiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kusan miliyan 6.2 iri daban-daban a hannun farar hula a Nijeriya. In yawa ne ke kawo tsaro, da mun daɗe da samu.

To ina lagonta? Na ce ku riƙe abu biyu: harsashi ya riga ta zuwa, kuma daƙiƙa uku take cinye 30. Bindigar takan yi shekara 50, harsashi kuwa sau ɗaya ake harba shi. Maƙerin gida zai iya kwaikwayon bindiga, amma harsashin soja aikin masana'anta ne. Ɗan bindiga yana sayen AK sau ɗaya, harsashi kuwa kullum yana nema, kamar mai da abinci. In babu shi, ƙarfe ne da katako a hannunsa, sandar makiyayi ta fi ta amfani. Kuma harsashi ba ya tashi sama. Mota ke ɗauko shi, babur ke shigar da shi, a jarkar manja, a ƙarƙashin buhun hatsi, a jakar matar da ba wanda zai zarga. Jami'an tsaro sun sha kama irin waɗannan a hanyoyin arewa maso yamma.

Nan ne maganar ta zo kanmu. Shugabannin direbobi, kayan da aka ce ka kai ba tare da ka buɗe ba, a kuma biya ka ninki uku na kuɗin mota, me ke ciki? Sarakunan tasha da 'yan kamasho, kuna rubuta sunan mai kaya? Masu unguwanni, baƙon da ya kama haya ba sana'a, ga kuɗi, wa ya tsaya masa? Su kuma hukumomi, jama'a ba za su kawo rahoto ba sai sun tabbata sunan mai rahoton ba zai riga shi isa daji ba. Wakilanmu a majalisa, abin da nake so ku riƙa tambaya a zaman kasafi ba nawa za a sayo kaɗai ba ne. Ku tambayi nawa ke rumbu, wa ya ƙirga, yaushe, waɗanda aka ƙwato kuma ina suke, an lalata su a bainar jama'a ko sun sake bin ta bayan gida. Ɗalibanmu na jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, ga aikin bincike a ƙofarku: tsarin rajista na kwamfuta da zai bi kowace bindigar hukuma da kowane akwatin harsashi daga rumbu zuwa hannun wanda ya sa hannu ya karɓa. Ba ya buƙatar ilimin da ya fi wanda kuke koya.

Mai girma shugaban taro, na ga kana duban agogo, kuma la'asar ta matso.   Inda na yi kuskure a gyara mini, musamman tsofaffin sojojin da ke cikinmu, waɗanda suka riƙe abin da ni a takarda kawai na sani. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya ɗaga hannu, a miƙa masa lasifika, kuma ina roƙon a fara da ɓangaren iyayenmu mata.